Ra'ayi: Harafi Ga Talaka, Tawili Ga Mai Mulki

Akwai wata tsohuwar gardama tsakanin masana falsafar harshe wadda ake koya wa 'ya'yanmu a manyan makarantu kamar labarin wata duniya. A rubuta musu sunayen Turawa a allo, su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa, shi ke nan an wuce wurin. Abin yana ƙona mini rai. Ni mutumin Tsibiri ne a ƙasar Maradun, kuma a wannan yanki namu, daga Talata Mafara har Bakura, an yanke hukuncin wannan gardama a kan gonakinmu, an yanke shi a kan hannun mutum, ana kuma ci gaba da yanke shi a kan rayukanmu. Wanda bai san da gardamar ba ma ya sha dukanta.

Ɓangare na farko su ne masu feɗe magana. A wurinsu, in mutum ya buɗe baki ya yi zance, sai a shimfiɗa zancen a rarrabe gaɓoɓinsa, a tambaya: da me yake nuni a zahiri, kuma me za mu gani a ƙasa da zai nuna gaskiya ne ko ƙarya? Jagoransu Gottlob Frege ne, Bajamushe masanin lissafi, wanda a 1892 ya kawo misalin da duk mai sammakon gona zai gane. Tauraron da muke gani da asuba, Gamzaki muke ce masa. Wanda muke gani da magariba kusa da jinjirin wata, Zara ce. Masana taurari sun tabbatar abu guda ne. In ka ce wa mutum Gamzaki shi ne Gamzaki, ba ka ƙare shi da komai ba, amma in ka ce masa Gamzaki shi ne Zara, ka ba shi labarin da bai sani ba. Daga nan Frege ya raba abin da suna ke nuni gare shi da hanyar da sunan ya bi ya kai ka wurinsa. Bertrand Russell ya ɗora a Ingila a 1905, Ludwig Wittgenstein ya fito da littafinsa na farko a 1921, har aka zo kan su Rudolf Carnap, waɗanda suka ce duk zancen da ba a iya gwadawa, ba kuma lissafi ko mantiƙi ba ne, surutu ne kurum.

Ɓangare na biyu su ne masu tawili. Su kuma suka ce magana ba ta faɗowa daga sama ita kaɗai. Tana da mai ita, tana da wanda aka yi wa, tana da lokaci, tana da abin da ya gabace ta. Friedrich Schleiermacher, malamin addinin Kirista da ya mutu a 1834, ya nuna cewa ba ka gane jimla sai ka san littafin da take ciki, ba ka kuma gane littafin sai ta jimlolinsa, don haka mai karatu kai da kawowa yake yi tsakanin biyun har fahimta ta zauna. Hans-Georg Gadamer ya kai abin ƙarshe a 1960: babu mai zuwa wurin magana da kai wayam. Kowa yana zuwa da harshen da ya tsotsa, da tarihin gidansu, da abin da ya riga ya ɗauka gaskiya ne, kuma da waɗannan yake ji. Fahimta a wurinsa haɗuwa ce tsakanin inda mai magana ya tsaya da inda mai saurare ya tsaya.

Ba su raga wa juna ba. Carnap ya taɓa ɗauko wata jimla ta Martin Heidegger, malamin Gadamer, ya feɗe ta a gaban jama'a don ya nuna babu komai a cikinta. Su kuma na wancan ɓangare suka riƙa kallon masu feɗa a matsayin mutanen da suka ƙware a awo amma ba sa jin abin da ake faɗa musu.

To ga abin da ba a gaya wa ɗalibanmu. An yi wannan karo a Bagadaza a shekarar 932, a gaban waziri Ibnul Furat, tsakanin Matta ɗan Yunus, Kirista masanin mantiƙi, da Abu Sa'id Assirafi, masanin nahawu. Matta ya ce mantiƙi sikeli ne da ke auna kowace magana a kowane harshe. Assirafi ya ce masa sikelin nan naka a cikin harshen Girkawa aka ƙera shi, kuma ba ka isa ka auna maganar Balarabe ba alhali ba ka san yadda Larabawa ke juya ko da harafin wawu ba. Kusan shekara dubu ke nan kafin Frege ya ɗauki alƙalami. Kuma gardamar ba ta tsaya a Bagadaza ba, ta iso mana. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar rubutu da Imam Suyuɗi na Masar, shi yana kare mantiƙi, Suyuɗi yana hana shi. Abdurrahman Al'ahdari, mai littafin Ahalari da kowane almajiri ya fara koyon tsarki da salla a cikinsa, shi ne ya rubuta Sullam a kan mantiƙi, shi ne kuma ya rubuta Jauharul Maknun a kan balaga, kuma duka ana karanta su a zaurukan malamanmu. Shehu Abdullahin Gwandu ya yi Baharul Muhiɗi a nahawu, ya yi Liya'ut Tawili a tafsiri. Mutum ɗaya, hannu ɗaya yana feɗa, ɗaya yana tawili, bai ga saɓani ba. Duk watan azumi muna ganin haka da idonmu: alaramma mai jan baƙi yana tsare harafi, ko wasali ɗaya aka karkata sai ya gyara, malam kuma yana kawo dalilin saukar aya da abin da magabata suka fahimta. Don haka mai cewa wannan fage na Turawa ne bai san gidansu ba, mai cewa kuma duk tunani a kan harshe bidi'a ce bai buɗe littattafan da ke cikin gafakarsa ba.

Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ranar da ake shari'ar aure ya ga ilimin nan yana aiki. Mace ta zo da goyo a baya, ta durƙusa, ta ce mijinta ya sake ta. Miji ya ce Allah ya kiyaye, shi bai saki kowa ba. Alƙali ba ya fara da tambayar wa ke da gaskiya. Sai ya dubi mijin ya ce, “Malam, me ka faɗa da bakinka? Faɗa mini kamar yadda ya fito.” In ya ce, “Cewa na yi na sake ki,” to magana ta ƙare, lafazi ne sarihi, ko ya yi ta rantsuwa wasa yake yi ba za a saurare shi ba. In kuwa ya ce, “Allah shi gafarta malam, ni dai cewa na yi ta tahi gidansu,” sai alƙali ya gyara zama, domin an shiga kinaya. Me ka nufa? Me kuke yi a lokacin? Ita ta nemi saki ka ba ta wannan amsa, ko uwarta ce ba ta da lafiya ka ce ta je ta dubo? Wa ke wurin? Ka ga alƙali ya yi aikin Frege a tambayar farko, ya yi na Gadamer a ta biyu, kuma ya san inda kowanne ke farawa da inda yake tsayawa. Auren mutane ne a hannunsa, shi ya sa ba ya wasa.

Da J. L. Austin na Ingila ya zo a littafinsa da aka buga a 1962 ya ce akwai maganar da ba labari take bayarwa ba, aiki take aikatawa, sai Turai ta ɗauka sabon abu ne. Malaman balaga sun daɗe da raba habari da insha'i. Waliyyi ya ce “na ba,” wakilin ango ya ce “na karɓa,” aure ya ɗauru a take. Amma Austin ya faɗi wani abu da nake so mai karatu ya riƙe, domin zan dawo kansa: irin wannan magana tana da sharuɗɗa, in ba su cika ba ta faɗi banza. Wanda ba waliyyi ba ko ya faɗi “na ba” sau ɗari, babu aure.

Ilimin kam muna da shi. Abin da ke tafasa mini zuciya shi ne yadda masu iko suka raba shi biyu. In talaka ne a gabansu, sai su kama shi da harafi, babu ɗaga ƙafa, babu tambayar halin da yake ciki. In kuwa maganarsu ce ta zo kan sikeli, sai a nemi mu yi musu tawili, mu duba yanayi, mu yi haƙuri, mu kyautata zato.

Mu fara da Bakolori, tunda nan ne ciwon ya fi zurfi. An soma gina madatsar a kan gulbin Sakkwato a 1974, aka gama a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ruwan da aka tare ya shafe kusan kadada 8,000, aka tashi dubban mutane, tsohon garin Maradun ma sai da aka sake masa mazauni. A ƙasan madatsar kuma aka shigo da manyan motoci aka baje gonakin mutane don a yi fegin noman rani, wasu suka yi damina fiye da ɗaya ba su sa iri a ƙasa ba. Can gaba, fadamun da ambaliyar gulbi ke shayarwa kowace shekara suka bushe, shinkafa ta ja baya, kifi ya ragu.

Da aka zo maganar diyya, sai ma'aikaci ya iso da takarda da tef ɗin awo. A takardarsa, bisa dokar filaye ta Arewa ta 1962 da ta ƙasa baki ɗaya ta 1978, ƙasa tana hannun hukuma ne, manomi amfani kawai yake yi da ita. Abin da za a biya shi ne abin da ya gina, da abin da ya dasa, da amfanin da ke tsaye. Sai a ƙirga masa ɗorawa kaza, mangwaro kaza, ɗaki kaza, rumbu kaza, a sa farashi a rufe littafi. Dattijo na tsaye yana cewa gonar ubana ce, shi ma ya gada wurin nasa uban, iyakarta daga waccan tsamiya zuwa bakin kwari, a nan nake ciyar da mutum ashirin, ita zan raba wa 'ya'yana. Ma'aikaci bai ga gurbin da zai rubuta wannan a fom ɗinsa ba, don haka a wurinsa ba a faɗe shi ba. Wannan shi ne feɗe magana in ya rabu da kunne: an fayyace komai, an auna komai, an kuma zalunci mutum ƙiri-ƙiri.

Manoma suka yi ta kai kuka, suka gaji, suka tare hanyoyi suka tsayar da aiki. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Nawa aka kashe? Gwamnati ta faɗi adadin da bai kai 30 ba. Masu bincike da suka bi diddigi sun kawo sama da 380. Jama'a, ku dubi wannan rashin kunya. Mutanen da suka ƙirga kowace bishiya ɗaya bayan ɗaya don su rage wa manomi kuɗi, su ne suka kasa ƙirga gawa. Tambayar “mutum nawa suka mutu?” ba ta buƙatar tawili, ba ta buƙatar duba yanayi. Amsarta lamba ce guda, ko daidai ko ƙarya. A nan ne ake buƙatar tsantsar Frege, a nan ne kuma aka jefar da shi.

Bayan shekara 20 abin ya sake fitowa da wata riga. Ranar 27 ga Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. Ni Musulmi ne, shari'a tawa ce, kuma saboda tawa ce nake magana. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe a Talata Mafara kan satar saniya. Duniya ta ji. To me ya faru da aka zo kan masu cinye kuɗin asibiti da na makaranta da na taki? Nan take aka tuna da littafi. Aka ce ai sata a fiƙihu tana da iyakoki: sai an ɗauka a ɓoye, daga ma'ajiya, ya kuma kai nisabi. Wanda aka ba amana ya ci, maha'inci ne, ba a yanke masa hannu. Wannan gaskiya ne, haka malamai suka rubuta. Amma su malaman sun rubuta ta'aziri ma, wanda ya ba alƙali damar ɗauri da ƙwace dukiya da tozartawa gwargwadon ɓarna. Ku nuna mini babban mai muƙami ɗaya da aka tsayar a bainar jama'a aka yi masa ta'aziri yadda aka tsayar da mai saniya. An yi amfani da kaifin rarrabe lafazi don a buɗe wa babba ƙofar fita, ba a yi amfani da faɗin fahimta don a duba ƙarami ba.

Alhali magabata sun nuna hanya. Fiƙihu ya kafa ƙa'ida cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar fari, ta 18 bayan hijira. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda muke karantawa a nan, akwai labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Umar ya lura ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya ci shi tarar ninkin kuɗin taguwar. Umar bai jahilci ayar yanke hannun ɓarawo ba, ya fi mu saninta nesa ba kusa ba. Ya karanta ta ne tare da cikin mutanen da ke tsaye gabansa, ya kuma juya hukunci kan mai ƙarfi.

Yanzu mu zo kan abin da muke ciki. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle, ɗan Maradun, ta shiga sulhu da 'yan bindiga, aka fara kiran wasunsu tubabbu. A nan nake dawowa kan sharuɗɗan Austin, ko da yake ba ma buƙatar Austin, yaron Islamiyya ya san su. Tuba tana da nadama, tana da barin laifin, tana da ƙudurin ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne sai an mayar masa. Shanun da aka kora, an mayar? Jinin da aka zubar, an biya diyya, ko an nemi yafewar masu jini? In ba a yi ba, to hukuma ta faɗi “na ba” ne alhali ba ita ce waliyyi ba. Ba gwamnati aka kashe wa miji ba, ba ita ke da ikon yafewa a madadin matar da ke takaba ba. Amma aka ce mu fahimta, siyasa ce, dabara ce, zaman lafiya ake nema. Muka yi tawili.

Sai ga 26 ga Fabrairun 2021, aka kwashe 'yan mata daga makarantar kwana ta Jangebe. Da farko 'yan sanda suka ce 317 ne, ranar 2 ga Maris aka dawo da 279 aka ce su ke nan. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a makarantar Kaya, nan ƙasar Maradun. Cikin kwanaki aka katse layukan waya a duk faɗin jiha, aka rufe kasuwannin mako, gwamnati da bakinta ta ce babu sauran sulhu. A Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda. Suna ya canza sau biyu, mai ɗauke da bindigar bai canza ba. Kuma duk tsawon lokacin nan, gwamnati ta tafi wata ta zo, jimlolin da muke ji daga masu magana da yawun hukuma ba su canza ba: an shawo kan lamarin, an daƙile harin, an fatattake su, ana ɗaukar matakai. Ku ɗauki kowace ɗaya ku yi mata tambayar masu feɗa: me za mu gani a ƙasa da zai nuna wannan jimla ƙarya ce? In an shawo kan lamari amma mutum ba ya iya zuwa gonarsa, in an fatattake su amma jibi sun dawo, to an gina jimlar ne yadda babu abin da zai ƙaryata ta. Irin wannan Carnap ya kira surutu, kuma a nan kam ina bayansa ɗari bisa ɗari.

Ga kuma ɗaya fuskar. Babban mutum ya shigo ƙauye da jiniya da sojoji, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiya, aka tara dattawa. Ya tambaya yaya zaman lafiya. Mai gari ya dubi ƙasa ya ce, “Lahiya lau, ranka shi daɗe, sai godiya.” Sakatare ya rubuta cewa al'umma ta tabbatar an samu sauƙi, da yamma a karanta a rediyo. Shi kuwa mai gari ya san jiniyar nan za ta juya kafin la'asar, ya san a cikin masu zaune akwai mai kai rahoto daji, ya san kuɗin da aka yanka wa garin kafin a bari a girbe gero bai gama haɗuwa ba. Duk wanda ya tsotsi Hausa ya ji abin da ke cikin wannan “lahiya lau,” ya ji shi a sunkuyar da kai, ya ji shi a shirun da ya biyo baya. Babban mutumin ma Bahaushe ne, ya ji sarai. Ya zaɓi ya kama harafi ne don harafin ya yi masa daɗi. Wannan ba rashin fahimta ba ne, mugunta ce.

Kuma mazhabar da muke bi ta riga ta yanke hukunci a kan irin wannan. Imam Malik ya sha bulala a Madina zamanin Abbasiyawa saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, domin masu mulki sun gane abin da fatawar ke nufi ga mubaya'ar da suka karɓa da takobi. Ya yarda a dake shi da ya ce maganar mai tsoro daidai take da ta mai 'yanci. Mu da ke kiran kanmu Malikawa, yau muna rubuta maganar mai tsoro a rahoto muna buga mata hatimi.

In aka tambaye ni wane ɓangare ya fi gaskiya a kan yadda ɗan Adam ke fahimtar ɗan'uwansa, zan ce masu tawili. Shi kansa Wittgenstein ya juya daga baya, a littafinsa na 1953, ya koma neman ma'ana a yadda mutane ke aiki da magana a zamansu na yau da kullum. Amma tawili yana da wata kafa da maƙaryaci ke shigewa: in komai sai an duba yanayi, to babu ranar da za a kama shi, kullum zai ce ba haka yake nufi ba, an juya masa magana. Don haka abin dubawa shi ne wa ke magana, kuma a wane hali. Wanda ke da ofis, da masu rubuta masa jawabi, da lauya, da lokacin zaɓen kalmominsa, ya kuma faɗe su babu bindiga a kansa, wannan a kama shi da lafazinsa kamar mijin da ya yi saki sarihi. Wanda ke magana cikin tsoro, ko cikin yunwa, ko a gaban takardar da aka rubuta da harshen da bai iya karantawa ba, wannan shi ya cancanci a zauna a tambaye shi me ya nufa. Mu a nan an juya abin, kai ya koma ƙasa, kuma da gangan aka juya shi.

Saboda haka ina kira ga 'yan jaridarmu na Hausa: ku daina kwaso sanarwa kuna karanta mana ita yadda aka ba ku. In aka ce an shawo kan lamari, ku tambayi ƙauye nawa suka koma gida, gona nawa aka noma, mutum nawa ke hannu har yanzu. Malamanmu masu hawa mumbari, kun fi kowa sanin sharuɗɗan tuba da hukuncin mai cin amana, ku faɗe su ranar da mai mulki ke sahun gaba, ba sai ranar da ba ya nan ba. Ita kuma majalisar dokokin jiha, da jami'ar da aka kafa a Talata Mafara, ga aiki a ƙofar gidanku. Fiye da shekara 40 ke nan alƙaluma biyu na yawo a kan mamatan Bakolori, kuma tsofaffin da suka binne su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ku tura mutane Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye, su zauna da waɗanda suka rage, su saurare su da kyau, su rubuta sunan kowane mamaci da na ubansa da na garinsu, a buga a fito mana da adadi guda.